Makullan Hawan Sama

Ɗan Gwaggo,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda aka manta da ita. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da 'yata mai kumatu. Mu nan ƙalau muke, sai bayana da ke yi min ciwo in na daɗe a kan keken ɗinki, shi ma ba baƙo ba ne. Auta ya yi ɗan zazzaɓi ya warware. Babbar tana nan tana karatun jarrabawar fita sakandare.

Na yi ta neman wayarka ba ta shiga. Na ce ko kuɗi ka yi ka canza lamba, don na san halinku 'ya'yan gwaggo, da kun ji ƙamshin arziki sai ku manta da wadda ta share muku majina. Shi ya sa na ba direban doguwar motar nan wannan takarda, ya ce ta bakin otel ɗinku yake wucewa.

Labarin da ke akwai ba mai daɗi ba ne, amma ba mutuwa ba ce. Kamfanin lemon kwalba ya sallami Akawu, baban su Auta. Su da yawa ne, har da waɗanda suka riga shi shiga. Ranar ya dawo da wuri, da kofin shayinsa na ofis a leda. Ya ajiye a kan firiji ya ce min, "An rage mu." Na ce, "To." Ya ce, "To." Iyakar maganar da muka yi a kai ke nan har yau. Abin da suka ba shi na sallama ya tafi a haya da kuɗin makaranta, kamar ka zuba ruwa a rairayi.

Har yanzu da safe shi yake goge rigarsa da kansa, ya sa takalmi ya fita. Da farko yana zagayen ofisoshi da takardunsa. Yanzu bakin titi kawai yake zuwa, ya zauna a shagon mai gyaran agogo har rana ta take. Ba ya faɗa, ba ya dariya. Da ma zai yi faɗan, da na san da wa nake zaune.

Ɗinki kuwa, bana iyaye ba sa ɗinka sabon yunifom. Tsohon suke kawowa, a saki ƙafar wando, a juya kwala, a rage na wa a ba ƙane. Sai in wuni ina farke ɗinkin da na yi bara da hannuna. Wata ta kawo min siket ɗin da na riga na saki iyakar sakinsa, wai in ƙara. Na ce mata, "Baiwar Allah, yadi ba ya haihuwa."

Ba roƙo na zo yi ba, kwantar da hankalinka. So nake in ji ko akwai wanda abin nan bai taɓa ba a danginmu, ko na ji sanyi.

Yayarka

*

Yaya,

Na amsa sallamarki, na kuma karɓi takardarki daga hannun direba. Lafiyata lau. Matata ta je ganin gida da yarinyar, su ma lafiya. Ki riƙa sa matashi a bayanki in za ki hau keke. Tsufa ne, kin ƙi yarda. Majinar da kike min gori a kanta kuwa, ai da gefen zanen mahaifiyata kike sharewa, ba da naki ba, akwai shaidu.

Waya ba ta hannuna yanzu. Mu ci gaba da takardar, tana ma fi daɗin ajiya.

Maganar Akawu ta taɓa ni. Mutumin da ko ranar da aka haifi Auta sai da ya leƙa ofis kafin ya wuce asibiti. Allah ya buɗa masa wata ƙofar. Ki gaishe shi, ki ce ƙaninsa yana tuna shi.

Kin ce kina son jin wanda ke tsaye da ƙafarsa. To ga ni nan dai a tsaye. Abubuwa sun canza a otel. Ni da kika sani da sifana da bokiti, ana aike na gyaran famfo daga wannan ɗaki zuwa wancan, yanzu hawa uku na sama gaba ɗaya a hannuna suke. Manaja da kansa ya kira ni ofis ya miƙa min makullan, zobe guda mai nauyi har yana jan min aljihu. Babu mai ce min je ka, babu mai ce min zo. Har wurin kwana aka ba ni a cikin ginin, na huta da haya da kuɗin mota. Aikin dai ya yi wa mutum ɗaya yawa, hannuwa sun yi mana kaɗan. Wani lokaci in ina zagaye ni kaɗai sai in ce ina ma Akawu yana nan.

Ki ce wa Babbar ta dage. In ta ci jarrabawa, ni ta gado. In ta faɗi, ke.

Ƙaninki

*

Ɗan Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, mai hawa uku. Ashe dai ana samun abin kirki a 'ya'yan gwaggo. Muna lafiya, na kuma sa matashin, ba don ka faɗa ba.

Takardarka na karanta wa Akawu bayan ya dawo daga shagon mai agogo. Da na zo inda ka ce hannuwa sun yi muku kaɗan, ya ce in maimaita. Na maimaita. Da na zo inda ka ce ina ma yana nan, sai ya karɓi takardar ya karanta da kansa, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Yaron nan kunya ce ta hana shi fitowa fili. Ba ya son ya ce wa babba zo in ɗauke ka aiki." Ranar ya cinye abincinsa tas, har ya tambayi Auta me aka koya musu a makaranta. Yaron ya tsaya yana kallonsa, ya manta yadda ake ba shi amsa.

To mun gane, kuma mun gode. Otel mai hawa da yawa ba zai rasa wurin mai rubutu da lissafi ba, ko a sito ne. Ya ce ba ya zaɓe, ko me aka ba shi zai yi, kuma ba zai ji komai ba don yana ƙarƙashinka.

Kekena babba, mai lantarki, na sayar. Wata mai shago a kasuwa ta daɗe tana zawarcinsa, ta saya da arha don ta ga idona. Ban damu ba. Dama sakin ƙafar wando ba ya buƙatar keken lantarki, na ƙafa ya isa. Da kuɗin muka yanki tikitin mota, muka saya masa takalmi, sauran na ɗinke masa a cikin aljihun wando. Kuɗin rajistar jarrabawar Babbar mun ce ya jira albashinsa na farko, akwai sauran lokaci.

Direba ya ce yanzu ba kullum yake tashi ba, sai mota ta cika, kuma ba ta cika cika ba. Zuwansa na gaba Akawu zai biyo shi. In akwai abin da ya kamata ya taho da shi, ka aiko kafin nan. Ka lura min da shi, ba ya iya cin abu mai yaji, kuma ba zai faɗa maka ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau. Don Allah kada Akawu ya taho. Ki karanta wannan kafin ki yi komai.

Babu aiki a nan. Hawa ukun da na ce miki suna hannuna, rufe su aka yi. Babu baƙi. Masu zuwa taro sun daina zuwa, kamfanonin da ke kama ɗakuna na wata da watanni sun janye. Aka rufe hawan ƙarshe, aka sallami masu shara da gyaran gado na wurin. Aka rufe na ƙasansa, aka sallami nasa. Haka aka yi ta saukowa. Masu wanki sun tafi, masu girki saura ɗaya. Abokan aikina na gyara duk sun tafi. An bar ni ne don ni na fi su arha.

Aikina shi ne in buɗe ɗaki, in kunna famfo ya zuba na ɗan lokaci, in kora ruwan masai, in buɗe taga in rufe, in kulle, in shiga na gaba. Idan ruwa ya daɗe bai gudana ba, bututu yana tsatsa, wari yana tasowa. Shi ke nan aikin. Katifu suna jingine a bango, an lulluɓe talabijin da zanen gado. Tun safe har yamma ba na jin muryar kowa sai ƙarar ruwa. Shi ya sa na ce ina ma Akawu yana nan. Abokin hira nake nufi.

Rabin albashi ake ba mu, shi ma sai ya ga dama yake zuwa. Wurin kwanan da na ce miki, ɗakin ajiye tawul ne, babu taga. Na saki ɗakin hayarmu ne don na kasa biya. Matata ba ganin gida ta je ba, kai ta na yi gidan iyayenta da kayanta, na ce wa mahaifinta zuwa ɗan lokaci. Wayar sayar da ita na yi na biya musu mota.

Kin ce kina son jin sanyi, ni kuma ban so in ƙara miki zafi ba. Ban yi zaton za a karanta masa ba.

Ki je wurin mai shagon nan ko za ta dawo miki da keken. A mayar da tikitin ko da za su cire wani abu. Zan tsaya a kan direba ya kawo miki wannan hannu da hannu.

Ƙaninki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya. Akawu ya iso lafiya, ya ce in faɗa miki hanya ta yi kyau.

Ban san ko takardata ta same ki ba. Ina hawan sama mai karɓar baƙi ta hau da ƙafa tana haki, ta ce wani babban mutum yana nemana a ƙasa, ta ɗauka daga banki yake. Na sauko na same shi tsaye a tsakiyar falo, da farar riga ko lanƙwasa babu, da sabon takalmi, da ambulan ɗin takardunsa a hammata. Rabin fitilun falon a kashe suke. Yana kallon kwamin ruwan ado da ke tsakiya, wanda ya bushe tun bara.

Muka gaisa. Ya tambayi iyali, na tambayi iyali. Ya ce, "Sai yaushe za a ga manajan?" Na ce, "Yaya, mu fara hawa sama." An kashe lif saboda kuɗin wuta, da ƙafa muka hau. Yana biye da ni yana numfashi sama-sama. Na buɗe masa ɗaki ɗaya, na buɗe na biyu. A na uku ya zauna a kan katakon gado, ya ɗora ambulan ɗin a cinya. Na faɗa masa duk abin da na rubuta miki. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Nan ne aikin?"

Na ce, "Nan ne."

Ya ce, "Ta sayar da kekenta."

Na ce, "Na sani."

Ya daɗe yana kallon katifar da ke jingine. Na yi zaton zai zage ni, na ma so ya yi. Sai ya cire takalmin ya ajiye a gefe, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Wane ɗaki ne na gaba?" Ranar tare muka gama hawan. Ni ina kunna famfo, shi yana buɗe taga.

Washegari ya ce duk da haka zai ga manaja, tunda ya zo. Manaja ya karɓe shi da mutunci, ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce masu kyau ne. Sannan ya jawo aljihun teburinsa ya nuna masa nasa ambulan ɗin, ya ce shi ma da shi yake yawo ranar da ba ya aiki. Suka yi dariya su biyu, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya yarda Akawu ya riƙa kwana tare da ni, in dai masu ginin ba su gani ba.

Tun daga nan Akawu yana fita da safe, ya zaga garin da takardunsa, ya dawo da yamma. Ba na tambayarsa, ba ya faɗa min. Takalmin ya ji masa ciwo a diddige. Mai girki yana ɗan rage mana abin da ya saura, na ce masa ya rage yaji.

Akawu ya ce kada in rubuta miki, a bari sai ya samu wani abu. Na ce na riga na rubuta tun kafin ya taso. Ya ce, "To ita ta san ba aiki ta bar ni na taho?" Na ce ban sani ba. Yaya, takardar ta same ki kuwa?

Ƙaninki

*

Ɗan Gwaggo,

Muna lafiya. Ina fata ku ma haka.

Takardunka biyu tare suka zo, jiya. Direba ya ce ta farkon ya sa ta a aljihun mota, ya iso nan cikin hayaniyar lodi ya manta. Ke nan tana cikin motar da Akawu ya shiga. Tare suka je, ita ta dawo ta bar shi. Direban ya yi ta ba ni haƙuri, na ce masa babu komai. Ka faɗa wa Akawu haka, kada ya kwana da tunanin na sani na yi shiru.

Na ɗauko takardar nan taka ta hawa uku, Akawu ya bar ta a ƙarƙashin kofin shayinsa. Na sake karantawa a hankali. Na nemi inda ka yi ƙarya ban samu ba. Na nemi inda ka faɗi gaskiya, shi ma ban samu ba. Ni na ce ka ba ni ruwan sanyi, ka ba ni, ni kuma na sha ban duba ƙasan kofin ba. Ba na jin haushinka. Na zauna na jira haushin ya zo, bai zo ba. Sai na tashi na ɗora girki.

Keken ya tafi. Na wuce ta gaban shagon na ga wata yarinya a kansa, ban tsaya ba.

An rufe rajistar jarrabawa. Na je makarantar na roƙi a jira mu, shugabar ta ce ba ita ke da iko ba, kuma ba mu kaɗai ba ne. Babbar ba ta yi kuka ba. Ta jera littattafanta a kwali ta tura ƙarƙashin gado, ta ce baɗi ma shekara ce. Yanzu tana tsaron shagon wata mai sayar da robobi a bakin titi. Ba albashi ba ne, ana ba ta abincin rana da ɗan na sabulu.

Mai gidan da muke haya ya zo. Mun yi magana ta fahimta, na sakar masa falo ya sa wani ma'aikacin asibiti da matarsa. Mun koma ɗaki ɗaya ni da yaran. Firijin bai shiga ba, na sayar, dama ruwa kawai yake sanyayawa. Mutanen kirki ne, sai dai in za mu fita sai mun yi sallama a falonmu.

Me ya sa ba ka faɗa min maganar matarka ba tun farko? Yarinyar nan ta fara magana kuwa?

Akawu kuma, kada ka ce masa ya dawo, kada ka ce masa ya zauna. In ya dawo, shagon mai agogo ne. Ka bar shi ya yi abin da ya ga zai iya. Ka sa masa auduga a bayan takalmin.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, muna lafiya mu biyu. Diddigen ya warke. Kin ji mu shiru, direba ne ya daɗe bai zo ba, an ce motarsa ta lalace ya rasa na gyara.

An rufe otel ɗin. Banki ya karɓe ginin. Aka tara mu a falo, mu ɗin da muka rage ba mu cika kujerun gefe ɗaya ba. Wani mai kwat ya karanta takarda, ya ce za a biya mu haƙƙinmu in an sayar da kaya. Babu wanda ya tambayi yaushe. Mai girki ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, sannan ya sake ɗauka ya sa a aljihu. Manaja ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ba mu hannu.

Aka yi gwanjon kaya. Mu muka sauko da su, ana biyan mu kamar 'yan dako. Akawu ya ɗauki katifa a ka tun daga hawan ƙarshe, na ce ya bari, ya ce in kama gabana. Dillalai suna taya labule da cokula da madubi. Wata mata ta sayi gadon da ya zauna a kai ranar da ya zo. Da yamma ginin ya zama in ka yi tari sai ya amsa maka.

Mai kwat ɗin ya kira ni. Ya ce kafin a samu mai sayen ginin suna son mutum ɗaya da zai tsare shi, ya kuma ci gaba da kunna ruwa kada bututu su mutu. Mutum ɗaya, albashin mai gadi. Na ce zan yi shawara.

Na ce wa Akawu ya karɓa, kunna famfo ba karatu ba ne, ya riga ya iya. Ni ina da sana'a a hannu, zan iya bin gidaje. Ya ce, "Gidajen wa? Wanda famfonsa ya lalace yanzu da tsumma yake ɗaurewa." Na ce shi ke da 'ya'ya a makaranta. Ya ce, "Kai kuma matarka tana gidan ubanta." Gaskiyarsa ne. Surukina ya aiko, cikin ladabi, yana tambayar matsayin zamanta, don shi ma an rage masa fansho bai san dalili ba. An ce yarinyar ta fara magana, kakanta take kira Baba.

Can Akawu ya ce, "Ginin nan bai san ko mutum nawa ne a cikinsa ba." Na koma na ce wa mai kwat na karɓa, amma yayana zai riƙa kama min. Ya ce shi dai suna ɗaya zai rubuta, albashi ɗaya zai biya, sauran ba ruwansa.

Haka muke yanzu. Shi yana ƙofa da rana, ni ina sama da famfuna, in ya gaji in karɓe shi. Kayan gadin saiti ɗaya ne, wandon ya yi masa gajere, amma kullum sai ya goge shi kafin ya sa. Ya daina fita da ambulan. Mutane suna wucewa suna tambayarsa ko ana ɗaukar aiki, yana ce musu a'a, cikin mutunci, kamar yadda aka riƙa ce masa.

Albashin farko ya zo. Muka raba biyu. Nawa na aika wa matata, nasa ga shi a cikin wannan takarda. Abin da za mu ci muna samu daga ɗan gyaran da nake yi wa masu shagunan layin. Na ce ya rubuta miki ko layi ɗaya ne. Ya riƙe biro ya daɗe, sannan ya ce in ce yana gaida yara.

Ƙaninki

*

Ɗan Gwaggo,

Ina amsa gaisuwarku. Mu ma lafiya. Bayan nawa yana nan yadda yake. Auta ya yi tsawo. Ka ce wa Akawu yara suna amsawa.

Saƙo ya iso cif, direba ya ƙirga a gabana don ya wanke kansa. Na kai wa mai gida rabonsa, na sayi shinkafa da mai da sabulu, na biya wa Auta abin da ya hana a koro shi daga makaranta. Bai kai ga komai bayan nan ba, amma ya kai nan ɗin. Na ajiye wa Babbar ɗan kaɗan a gefe don rajistar baɗi. Ban faɗa mata ba, don kada in sake ciro shi a gabanta.

Maganar matarka, ka rubuta wa surukinka da hannunka, ka faɗa masa yadda abin yake ba ragi ba ƙari. Kada ka yi masa irin rubutun da ka yi min. Idan hanya ta yi, zan je in gan su, in nuna wa yarinyar hotonka.

A layinmu kowa ya san Akawu yana aiki a babban otel. Ni ban faɗa ba. Sun ga ya tafi da sabon takalmi, sun ga bai dawo ba, sun ga direba ya kawo min ambulan. Mai agogo yana ba da labari wai shi ne mai riƙe da lissafin otel ɗin gaba ɗaya. Na ji, ban gyara masa ba. Auta ma haka yake faɗa a makaranta.

Tun ranar da saƙon ya zo ban huta da baƙi ba. Matar mai walda ta zo, mijinta ya rufe shago. Tsohuwar nan ta ƙarshen layi ta zo da takardun ɗanta a leda, wanda ya gama jami'a yake zaune. Har matar da ke falonmu ta shigo da yamma, ta zauna a bakin gado tana ta kewaye-kewaye, ashe an fara rage mutane a asibitin su ma. Kowa maganarsa ɗaya, in rubuta muku ko akwai wuri, ko na shara ne, ko na wanki, ba sa zaɓe.

Na buɗe baki in faɗa wa tsohuwar gaskiya. Ta riƙe ledar da hannu biyu tana kallona. Sai na ji na ce mata zan rubuta.

To ga shi na rubuta.

Yayarka